Cabascabo: fim ɗin farko na Oumarou Ganda, ƙarfinsa da inda ya gaza

Cabascabo fim ne mai tsawon minti 45, baƙi da fari, cikin harshen Zabarmanci, wanda ɗan Nijar Oumarou Ganda ya rubuta, ya ba da umarni, ya kuma fito a cikinsa a matsayin jarumi. Shi ne fim ɗinsa na farko. A shekarar 1969 an nuna shi a makon masu sharhi na bikin finafinai na Cannes a Faransa, ya kuma samu lambar yabo a bikin Mosko na wannan shekarar. Labarinsa na wani tsohon soja ne da ya yi wa Faransa yaƙi a Indocina, ya dawo gida da kuɗi a aljihu, abokai da matan bariki suka yi masa caa, ya yi ta facaka yana ba su labarin fagen fama, har kuɗin suka ƙare, kowa ya watse.

Wanda ya yi fim ɗin

An haifi Ganda a Yamai a 1935. Yana ɗan shekara 16 ya shiga rundunar da Faransa ke turawa Gabas Mai Nisa, a yaƙin da ya ƙare da kashin da Faransawa suka sha a Dien Bien Phu a 1954. Da ya dawo Nijar bai samu aiki ba, sai ya nufi Abijan ya kama dako a tashar jiragen ruwa. A can ya gamu da Jean Rouch, Bafaranshen mai binciken al'adu, wanda ya sa shi a fim ɗinsa Moi, un noir na 1958.

A wannan fim ɗin, Ganda ya fito da laƙabin Edward G. Robinson, sunan wani ɗan wasan Amurka da ya shahara a finafinan 'yan daba da masu laifi. Kusa da ƙarshe an nuna shi yana tafe a bakin ruwa yana kwatanta yadda aka yi yaƙin Indocina, yana faɗuwa ƙasa yana tashi. Amma kamara ta Rouch ce, shi ne kuma mai yanke abin da zai shiga da wanda zai fita. Shekara goma bayan haka Ganda ya karɓe labarin ya ba da shi da kansa. Don haka ne masu nazari ke kallon Cabascabo a matsayin amsa ga Moi, un noir.

Alaƙarsa da salon nuwar

Nuwar kalmar Faransanci ce mai nufin baƙi. Mai sharhi Nino Frank ne ya yi amfani da ita a 1946 kan wasu finafinan Amurka masu duhun hoto da duhun zuciya, irin su The Maltese Falcon na 1941 da Double Indemnity na 1944, wanda shi Robinson ɗin ya fito a ciki. Alamomin salon sanannu ne: birni da dare, mashaya, kuɗi da ke lalata amana, labari da ake bayarwa ta hanyar waiwaye, da jarumi da ke gangarawa ƙasa mai kallo yana gani. Sau da yawa jarumin tsohon soja ne, kamar a The Blue Dahlia na 1946. Da dama daga cikinsu da kuɗi kaɗan aka yi su. Detour na Edgar Ulmer shi ne misalin da aka fi kawowa.

Ba a saba jera Cabascabo cikin wannan rukuni ba, kuma da dalili: babu ɗan sandan ciki a tsakiyar labarin, babu gawar da ake neman wanda ya kashe ta. Sai dai ƙashin bayan labarin iri ɗaya ne. Mutum ya dawo daga yaƙi, garinsu ya karɓe shi saboda abin hannunsa, ya tofar da shi da abin ya ƙare.

Inda ya yi ƙarfi

Babban abin da Ganda ya dace da shi shi ne tsarin waiwayen. Yaƙin bai zo a jere ba. Yana zuwa ne gutsure-gutsure, daga bakin mutumin da ke sayen abin sha ga masu sauraronsa. Mai kallo na ganin abu biyu a lokaci guda: abin da ya faru a can, da farashin da ake biya a nan don a saurara. Muddin kuɗi na fita, labarin jarumta na da kasuwa. Wannan fahimta ce ta wanda abin ya faru a kansa.

Na biyu, Ganda bai wanke kansa ba. Da ya so, da ya ɗora dukkan laifin a kan Faransa ya fito fes. Bai yi haka ba. Jaruminsa mai fankama ne, mai son a yabe shi, kuma da hannunsa ya tona ramin da ya faɗa. Wannan bai sauke wa mulkin mallaka nauyinsa ba, ƙara fito da shi ya yi: an ɗauki yaro an koya masa harbi da bin umarni, an kai shi ya yaƙi mutanen da ke neman irin 'yancin da ƙasarsa ba ta samu ba sai 1960, sannan aka sallame shi ba sana'a. Yana da kyau a tuna cewa a ƙarshen 1959 Faransa ta yi dokar da ta daskarar da fanshon sojojin ƙasashen da ta mallaka, ba a kuma daidaita shi da na takwarorinsu Faransawa gaba ɗaya ba sai bayan hukuncin majalisar tsarin mulkin ƙasar na 2010. A wannan gefen iyakar ma, duk wanda ya taso a garin da ke da tsoffin 'yan yaƙin Bama ya san irin wannan dattijo mai lambobi a ƙirji da aljihu wayam.

Sai harshe. A lokacin da yawancin finafinan ƙasashen renon Faransa ke magana da Faransanci, Ganda ya bar mutanensa su yi magana da bakin gida.

Inda ya gaza

Rashin kuɗi ya fi bayyana a fagen yaƙin. A Nijar aka ɗauki waɗannan fitowar, da mutane ƙalilan, kuma ido na gane haka. Akwai masu kare shi da cewa ai tunanin mutum ake nunawa, ba rahoton yaƙi ba. Hujjar ta yi rabin aiki kawai. Abin da ba ta amsa ba shi ne matsayin mutanen Biyetnam: fim ɗin da ke tambayar me ya kai Ba'afirke yaƙar su, bai ba su wani fili na kirki ba.

Minti 45 kuma sun yi wa labarin kaɗan. Faɗuwar jarumin na zuwa da sauri, abokansa sun fi kama da hali guda da aka raba wa mutane da yawa. Mata sun fi kowa cutuwa da wannan gajartar. Zalika Souley, wadda ake lissafawa a sahun farko na matan da suka riƙi fim sana'a a Nijar, ta fito a ciki, amma mace a duniyar Cabascabo galibi ƙofa ce da kuɗi ke fita ta cikinta. Wannan tsohuwar cutar nuwar ce, kuma Kannywood ma ba ta warke daga ita ba.

Ƙarshen fim ɗin shi ne wurin da ya fi cancantar gardama. Bayan wulaƙancin neman aiki a birni, jarumin ya juya wa garin baya ya nufi ƙauye, ga aikin ƙasa. A ƙarshen shekarun 1960, zamanin Diori Hamani, wannan amsa ce da ta yi daidai da kiran gwamnatocin sabon 'yanci na a koma gona. A fim irin na nuwar, mafita mai sauƙi haka rauni ce, domin labarin ya shafe tsawonsa yana nuna cewa ciwon mutumin a cikinsa yake, ba a birni kaɗai ba. Ga mai kallo daga Ruwan Godiya, ko wani ƙauye na Faskari, Ƙanƙara ko Sabuwa, matsalar ta fi haka. A shekarun nan gonar ce wurin da ake ɗauke mutum, manomi kan biya 'yan bindiga kafin ya shuka ko ya girbe, matasa kuma daga ƙauye suke gudu zuwa Funtuwa da Kano. Hanyar da jarumin Ganda ya bi don tsira, ita mutane ke bi a juye. Ba laifin Ganda ba ne da bai hango wannan ba, amma yana nuna cewa amsar tasa ta dogara ne kan wani sharaɗi da bai ambata ba: ƙauyen da hukuma ke iya karewa.

Bayan Cabascabo

Fim ɗinsa na gaba, Le Wazzou polygame, mai sukar auren dole da fakewa da addini, shi ne ya fara cin babbar kyautar bikin FESPACO na Wagadugu a 1972. Saïtane ya biyo baya, sannan L'Exilé a 1980. Ganda ya rasu ranar 1 ga Janairun 1981, yana da shekara 45. An sa sunansa ga wata babbar cibiyar al'adu a Yamai, FESPACO kuma na ba da kyauta da sunansa ga fim ɗin farko mafi kyau na sabon darakta. Rukunin ƙarshe na sojojin Faransa ya bar Nijar a watan Disamban 2023.