Manhajojin Auna Talauci da Aikin Yi a Najeriya

Manhajojin auna talauci da aikin yi shirye-shiryen kwamfuta ne da ake tattara bayanan magidanta da su, a tace su, a fitar da alƙaluma. Daga cikinsu akwai Survey Solutions da ADePT, waɗanda Bankin Duniya ya samar.

Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi amfani da Survey Solutions a binciken yanayin rayuwa na 2018/2019. Jami'i kan zauna da maigida riƙe da kwamfutar hannu, ya shigar da abin da iyali suka ci cikin kwana 7, manhajar ta ankarar da shi idan amsoshi suka saɓa wa juna. Binciken ya gano kashi 40.1 cikin 100 na 'yan ƙasa, mutum miliyan 82.9, ba sa iya kashe naira 137,430 a shekara.

Ma'aunin talauci mai fuskoki da yawa na 2022 ya ƙidaya mutum miliyan 133 a matsayin matalauta, ya kuma rarraba sakamakon bisa mazaɓun sanata 109, ciki har da Kano ta Kudu, inda Bebeji, Kiru, Tudun Wada da Doguwa suke.

A 2023 hukumar ta fara lissafa wanda ya yi aikin samun kuɗi na awa 1 a mako a matsayin mai aikin yi. Don haka manomin rani da ke ban-ruwa daga madatsar Tiga da matar da ke soya ƙosai a cikin gida duk suna shiga wannan rukuni, ko da abin da suke samu bai kai ya riƙe gida ba.