Yadda Aka Gano Mafarin Ciwon Dasashi

'Yan'uwa tsofaffin ɗalibai da malamanmu, wa zai manta da safiyar da ake jera mu a fili ana duba farce da haƙora? A lokacin gani muke takura ce kawai. Ashe akwai dogon tarihi a bayan abin.

Shekaru aru-aru mutanen duniya, har da kakanninmu, sun ɗauka tsutsa ce ke cin haƙori, zubewarsa kuwa dole ce ta tsufa. A shekarar 1683 wani mai sayar da yadi a garin Delft na ƙasar Holan, Antoni van Leeuwenhoek, ya kankaro farar dauɗar da ke tsakanin haƙoransa, ya duba ta a madubin ƙara girma da ya ƙera da kansa. Sai ga ƙananan halittu suna ta motsi. Ya rubuta wa masanan London labari, amma aka daɗe ana gardama ko su ne ke ɓata dasashi.

Gardamar ba ta kwanta ba sai 1965, a kwalejin likitocin haƙori ta garin Arhus a ƙasar Danmak. Farfesa Harald Loe da abokan aikinsa suka sami mutum 12 masu lafiyayyen baki, yawancinsu ɗalibai, suka ce su daina goge baki ɗungurungum. Cikin kwana 10 zuwa 21 dasashin kowannensu ya kumbura. Da suka koma gogewa, kimanin mako guda kumburin ya sace. Nan aka tabbatar dauɗar nan ce mafarin ciwon, kuma tun yana ɗanye ana iya kashe shi.

In aka yi sakaci kuwa, dauɗar kan daskare ta zama kamar dutse, ciwon ya gangara ya ci ƙashin da ke riƙe da haƙori. Sai a ga haƙori lafiyayye yana girgiɗi har ya fita. Abin ya fi tsanani ga masu shan taba da masu ciwon sukari.

To jama'a, yau furfura ta kama yawancinmu, wato mun shiga shekarun da wannan ciwo ke kwashe haƙora. Wanda ya ga jini a asuwakinsa ko buroshinsa kada ya ce ba komai, ya je likitan haƙori ya duba shi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Malamanmu da suka tsare mu da asuwaki, Allah Ya saka musu da alheri.