Wa Zai Janye? Abin da Tarihin Zaɓen Fid da Gwani Ke Koyarwa

A daren 28 ga Mayun 2022, 'yan takarar shugaban ƙasa na jam'iyyar PDP sun gama yi wa wakilai jawabi a filin wasa na ƙasa da ke Abuja, ana shirin fara kaɗa ƙuri'a, sai Aminu Waziri Tambuwal, gwamnan Sakkwato na lokacin, ya sake hawa mumbari. Cikin 'yan mintuna ya sanar da cewa ya janye, ya kuma roƙi magoya bayansa su zaɓi Atiku Abubakar. Da aka ƙirga, Atiku ya samu ƙuri'a 371, Nyesom Wike ya samu 237. Ɓarakar da ta biyo bayan wannan dare ta bi jam'iyyar har zuwa babban zaɓen 2023.

Duk lokacin da kakar fid da gwani ta kama, daga majalisun hira na Gwarzo da Kabo har zuwa otal-otal ɗin Abuja, hasashe ɗaya ake yi: wa zai janye, kuma wa zai janye wa? Galibi akan nuna ɗan takarar da ya fi rauni. Tarihi kuwa wani abu dabam yake nunawa.

Legas da Jos

A Disambar 1978 jam'iyyar NPN ta taru a Legas domin fitar da ɗan takararta. Mutum shida ne suka nema. Shehu Shagari ya zo na ɗaya a zagayen farko, Maitama Sule, Ɗan Masanin Kano, ya zo na biyu, Adamu Ciroma na uku, amma babu wanda ya kai adadin da ake buƙata. Kafin a shiga zagaye na biyu sai na biyu da na uku suka janye wa Shagari. Bayan an kafa gwamnati a 1979, Maitama Sule ya zama wakilin Nijeriya a Majalisar Ɗinkin Duniya, Ciroma kuma ya zama minista. Tun daga nan aka san cewa janyewa ba faɗuwa ba ce, ciniki ne.

Sai dai ba kowane ciniki ake cika alkawarinsa ba. A Maris ɗin 1993, a taron SDP na Jos, M.K.O. Abiola ya samu ƙuri'a 3,617 a zagayen farko, Babagana Kingibe na biye da shi kurkusa, Atiku Abubakar ya zo na uku da 2,066. Ƙuri'un Atiku na gidan siyasar Shehu Musa 'Yar'aduwa ne, kuma duk ɓangaren da suka karkata shi zai yi nasara. Atiku ya janye wa Abiola, magoya bayansa na sa ran kujerar mataimaki. Da Abiola ya samu tikitin, Kingibe ya ɗauka.

Darasin waɗannan taruka biyu shi ne: wanda janyewarsa ke da daraja shi ne mai ƙuri'un da ba za su kai shi ga nasara ba, amma za su iya kai wani. Mai ƙuri'a goma ba wanda zai bi shi gida cikin dare. Shi ya sa sau da yawa marasa ƙarfi ke tsayawa har ƙarshe, na tsakiya kuma su sauka.

Hannun uban gida

Alama ta biyu ita ce sanin mai riƙe da akalar ɗan takara. A Disambar 2006, gwamnan Ribas Peter Odili na cikin waɗanda suka fi zagaya ƙasa neman tikitin PDP. Ana gab da taron Abuja sai shi da sauran gwamnonin da ke nema suka janye wa Umaru Musa 'Yar'aduwa, gwamnan Katsina, wanda Shugaba Obasanjo ke goyon baya. Odili bai samu ko kujerar mataimaki ba. Goodluck Jonathan ne ya same ta. Wanda ya auna 'yan takarar da yawan allunan talla ya yi kuskure; wanda ya kalli fadar shugaban ƙasa ya gane tun da wuri.

A Nuwambar 2010 kuma dattawan Arewa ne suka ɗauki wannan aiki. Kwamitin Adamu Ciroma, wanda shi kansa ya taɓa janyewa shekaru 32 kafin nan, ya zaɓi Atiku a matsayin ɗan takarar maslaha, Ibrahim Babangida da Aliyu Gusau da Bukola Saraki suka haƙura. Duk da haka, a Janairun 2011 Jonathan ya samu ƙuri'a 2,736, Atiku 805. Ɗan takara na iya janyewa, amma ba dole ne wakilai su bi shi ba, musamman idan gwamnoni ne ke riƙe da su.

Waɗanda ba sa janyewa

A Disambar 2014, a taron APC na Legas, mutum biyar ne suka shiga, duka kuma suka tsaya aka ƙirga. Muhammadu Buhari ya samu 3,430, Rabi'u Musa Kwankwaso 974, Atiku 954. Ga Kwankwaso, zuwa na biyu jari ne: ya nuna cewa yana da jama'a tasa ta kansa. Ɗan siyasar da ƙarfinsa ke hannun mabiya, ba hannun uban gida ba, yana asara idan ya sauka, domin mabiyan za su tambaye shi me ya sayar da su a kai. Irin wannan ya fi saurin barin jam'iyya da ya janye wa wani, kamar yadda Kwankwaso ya koma NNPP a 2022, Peter Obi kuma ya fice daga PDP kwanaki kaɗan kafin taronta.

Lissafin ƙananan hukumomi

Dokar zaɓe ta 2022 ta sauya ma'auni. Ta bar zaɓen a hannun zaɓaɓɓun wakilai kaɗai, ban da masu riƙe da muƙamai da a da suke shiga kai tsaye. APC ta ware wakilai uku ga kowace ƙaramar hukuma, PDP kuma ɗaya. Ke nan Gwarzo da Kabo, da duk yawan jama'arsu, mutum shida suka wakilce su a taron APC, biyu a na PDP. Kano mai ƙananan hukumomi 44 ta fi kowace jiha yawan wakilai. Idan masu zaɓe suka yi ƙaranci haka, kowane ɗan takara na iya ƙirga rabonsa tun kafin a buɗe akwati, kuma wanda ya ga lissafinsa bai kai ba zai nemi inda zai kai kayansa kasuwa.

Haka aka gani a dandalin Eagle Square a ranakun 7 da 8 ga Yunin 2022. Mutum bakwai suka janye wa Bola Tinubu, kowannensu kuma ya mallaki fom ɗin da jam'iyya ta sa wa kuɗi har naira miliyan 100, ban da rangwamen da aka yi wa mata. Cikinsu akwai Godswill Akpabio da Kayode Fayemi da Badaru Abubakar, gwamnan Jigawa. Tinubu ya samu 1,271, Rotimi Amaechi 316, Yemi Osinbajo 235. A 2023 Akpabio ya zama shugaban majalisar dattawa, Badaru ya zama ministan tsaro.

Mutanen yammacin Kano sun ga irin wannan a ƙofar gidansu a wannan kaka. Barau Jibrin, ɗan Kabo, ya ajiye neman gwamna ya koma neman kujerarsa ta sanatan Kano ta Arewa, Gwamna Ganduje kuma ya bar masa kujerar da shi ma ya so nema. Murtala Sule Garo ya karɓi takarar mataimakin gwamna. Mai kujerar da zai koma wa ya fi sauƙin lallashi. Wannan ita ce alama ta uku.

Ko a Amurka, inda ake shafe watanni ana zaɓen jiha bayan jiha, dabarar ba ta bambanta sosai ba. A farkon Maris ɗin 2020, Pete Buttigieg da Amy Klobuchar sun janye cikin kwana biyu suka mara wa Joe Biden baya. Buttigieg ya zama sakataren sufuri. Bambancin shi ne can ƙuri'ar jama'a da ƙarewar kuɗin kamfe ke tura mutum waje, a nan kuwa dare ɗaya ya isa.

Mai son yin hasashe, saboda haka, ya bar kallon hotunan bango ya yi tambaya uku: ƙuri'un wa za su iya sauya sakamako, wa ke da uban gidan da ba ya iya saɓa wa, wa kuma ke da wurin komawa. Akwai tambaya ta huɗu da ba kasafai ake yi ba. Wakilin da ya taso daga Gwarzo da amanar mutanen mazaɓarsa yakan ji a lasifika, tare da kowa, cewa an miƙa ƙuri'arsa ga wani. Har yanzu babu jam'iyyar da ta wajabta wa mai janyewa ya faɗa wa wannan wakili abin da aka ƙulla da sunansa.