Gidajen da Suka Gaji Jakadancin Birtaniya

Duk wanda ya nazarci jerin sunayen jakadun Birtaniya tun daga ƙarni na 19 zai lura da wani abu guda, wato yadda sunaye ke ta maimaituwa. A ga Malet a Farankfot, bayan 'yan shekaru a sake ganin Malet a Balin. A ga Rumbold a Biyana cikin 1896, bayan shekara saba'in da ɗaya a sake tarar da Rumbold a kan kujerar nan. Ba tsawon rai mutanen suka yi ba. Uba ne da ɗa da jika. Haƙiƙa har zuwa ƙarshen Yaƙin Duniya na Ɗaya, jakadanci a Ingila bai yi nisa da sarautar gado ba, ko da yake babu wata doka da ta taɓa faɗin haka. Ƙofar a rufe take ba tare da an ga sakata ba.

Tushen al'amarin kuwa kuɗi ne. A zamanin da, jakada shi ke ɗauke da ɗawainiyar gidansa da barorinsa da baƙinsa, sa'an nan ya zauna jiran ranar da sarki zai tuna ya biya shi. Sir Henry Wotton, wanda Sarki James na Ɗaya ya aika birnin Banis cikin 1604, ɗan babban gida ne a lardin Kent, kuma ƙanen kakansa, Nicholas Wotton, ya yi wa sarakuna huɗu jakadanci kafin shi. Duk da wannan asali, Wotton ya komo gida da bashi har iya wuya. An rufa masa asiri da shugabancin makarantar Eton cikin 1624, amma hakan bai hana a kama shi wata rana saboda bashi ba. To, idan ɗan masu ƙasa ya ji jiki haka, ina ga ɗan maƙeri?

Da aka kafa Ma'aikatar Harkokin Waje cikin 1782, abin da ke al'ada sai ya fara zama tsari. An shigo da jarrabawa cikin 1856, sai dai ba kowa ke zamanta ba, sai wanda Sakataren Harkokin Waje ya amince da sunansa, shi kuwa sakatare 'ya'yan waɗanda ya sani ya sani. Daga baya aka gindaya sharaɗin cewa dole matashi ya nuna yana da kuɗin shiga na kansa, fam 400 a shekara, domin shekaru biyun farko ba a ba shi albashi. A lokacin nan leburan Ingila ba ya samun ko rubu'in wannan kuɗi. Ga kuma Faransanci, wanda dole a iya shi kamar a baki aka haife shi, abin da ke bukatar zama a ƙasar waje da kuɗin uba. Hukumar binciken da Lord MacDonnell ya shugabanta ta gano cikin 1914 cewa kusan kashi biyu cikin uku na waɗanda aka ɗauka tsakanin 1908 da 1913 daga makaranta ɗaya suka fito, wato Eton.

Ofishin jakada a wancan zamani gida ne tun kafin ya zama ofis. Ƙananan ma'aikata a teburin jakada suke cin abinci, matarsa ke lura da tarbiyyarsu, shi kuma ya ɗauke su tamkar 'ya'yan cikinsa, wani lokaci ma 'ya'yan nasa ne na haƙiƙa. Lord Lyons, wanda ya taimaka wajen hana yaƙi ɓarkewa tsakanin Birtaniya da Amurka cikin 1861, sa'an nan ya shekara ashirin yana jakada a Faris, ya fara aiki ne cikin 1839 a Atina, a ƙarƙashin mahaifinsa. Haka Edward Malet, wanda tun yana matashi mahaifinsa ya jawo shi ofishinsa a Farankfot. Da ya zama jakada a Balin cikin 1884, Lord Odo Russell ya gada, kuma kafin shekara ta zagayo ya auri ɗiyar yayan Russell ɗin. Aure da aiki igiya ɗaya ce ta ɗaure su.

A nan ne labarin ya shafe mu. Malet ɗin nan shi ya jagoranci wakilan Birtaniya a taron Balin na 1884 zuwa 1885, inda aka bar wa ƙasarsa kula da ƙasan kogin Kwara, kogin da bai taɓa gani da idonsa ba. Ranar 14 ga Yuni 1898 kuma, Sir Edmund Monson, ɗan wani basarake, tsohon ɗalibin Eton, ya sa hannu a Faris kan yarjejeniyar da ta zana baka mai nisan mil 100 daga Sakkwato ta ce nan ce iyaka tsakanin Ingilishi da Faransawa. A lokacin Sarkin Musulmi Abdurrahman na kan gado, ba kuwa wanda ya tuntuɓe shi. Faransawa ne suka yi ta ƙorafi cewa an bar su da hanyar da ba rijiyoyi zuwa Damagaram, har aka gyara layin cikin 1904 da 1906. Mutanen da suka raba Katsina da Maraɗi sun san junansu ciki da bai, sun san wa ya auri wa a Landan da Faris. Ƙasar da suke rabawa ce kaɗai baƙuwarsu.

Amma adalci shi ne a faɗi cewa gadon nan ba kullum ya haifar da ragwaye ba. Yaron da ya tashi yana jin harsuna uku a tsakar gida, yana kallon yadda ake zance da sarakuna, ya sami horon da babu makarantar da ke bayarwa. Sir Horace Rumbold, na tsakiya a cikin ukun da aka ambata, a San Fitasbag aka haife shi cikin 1869. Yana jakada a Balin Hitler ya hau mulki, kuma cikin Afrilu 1933 ya aika wa Landan dogon rahoto, bayan ya karanta littafin mutumin da kyau, yana gargaɗin cewa gwamnatin nan yaƙi take shiri. Da an saurare shi da wuri, da wataƙila an rage asara. Sai dai Sir Nevile Henderson, wanda ya riƙe ofishin daga 1937 ya kuma yi ta neman lallashin Hitler, shi ma ɗan Eton ne. Ashe makaranta ɗaya kan yaye mai gani da makaho.

Waɗanda suka shigo ta taga kuwa sun sha kallon raini. Aikin ƙaramin jakada mai kula da 'yan kasuwa da matafiya reshe ne dabam, ana ganinsa aikin marasa gata. Ta nan Ernest Satow, ɗan wani ɗan kasuwa Bajamushe da ya zauna Landan, ya shiga a matsayin mai koyon tafinta a Japan cikin 1862, ya yi ta hawa har ya wakilci ƙasarsa a Tokiyo da Bejin, kuma littafin da ya wallafa cikin 1917 kan ƙa'idojin aikin ya zama jagoran jakadu. Eyre Crowe, wanda aka haifa a Jamus, uwarsa Bajamushiya, shi ya rubuta shahararriyar takardar 1907 da ta faɗakar kan manufofin Jamus. Duk da haka, da yaƙi ya ɓarke, jaridu suka tasa shi gaba suna tuhumar jininsa.

An soke sharaɗin fam 400 cikin 1919, aka kuma haɗe rassan aikin wuri ɗaya bisa gyaran da Anthony Eden ya gabatar cikin 1943. Amma ɗabi'ar yarda da ɗan gida ba ta mutu da doka ba, kuma ta ci Birtaniya da tsada. Donald Maclean ɗan minista ne, ya fito daga Kambirij, ya shiga aiki cikin 1935 alhali tuni Rasha ta ɗauke shi leƙen asiri. Cikin 1950 ya yi tamɓele a Alƙahira har aka maido shi gida. Maimakon a bincike shi, sai aka ce gajiya ce, aka ɗora shi kan sashen da ke kula da Amurka. Cikin Mayu 1951 ya tsere tare da Guy Burgess, wanda shi ma ya ratsa Eton da Kambirij. An zargi Crowe mai gaskiya don uwarsa, an wanke Maclean maci amana don ubansa.

Mata su ne na ƙarshe da aka buɗe wa. Ƙarni bayan ƙarni matar jakada ke riƙe da rabin aikin, daga karɓar baƙi zuwa tattaro labari, ba ko kwabo. Sai cikin 1946 aka fara ɗaukar mata, da sharaɗin duk wadda ta yi aure ta ajiye aiki, sharaɗin da ya kai farkon shekarun 1970. Anne Warburton ce mace ta farko da ta riƙe ofishin jakada, a Danmak cikin 1976. Wanda Birtaniya ta fara turowa Legas bayan samun 'yanci cikin 1960 shi ne Lord Head, tsohon soja, tsohon minista, ɗan Eton. Cikin 2018 kuwa ta tura NneNne Iwuji-Eme ta wakilce ta a Mozambik, wadda aka haifa a garin Truro na Ingila, iyayenta 'yan Nijeriya.