Shakka: Ma'anarta da Yadda Ake Amfani da Ita

Shakka kalma ce da Hausa ta aro daga Larabci. Asalin ma'anarta shi ne zuciya ta tsaya tsakanin abu biyu, ba ta rinjayar da ɗaya a kan ɗaya ba. 'Yan'uwanta a Hausa su ne kokwanto da tababa.

Malamai sun kasa sanin mutum mataki huɗu: yaƙini, wato tabbacin da babu ja a cikinsa, zato, inda ɓangare ɗaya ya fi rinjaye, shakka, inda ɓangarorin biyu suka yi daidai, sai wahami, wato ɓangaren da aka rinjaya. Waswasi kuwa daban ne, shi ne kokwanton da ke yawan dawowa ba tare da dalili ba.

A bakin Hausawan Garwa, babban birnin Yankin Arewa na Kamaru, kalmar na da fuska biyu. Ɗan kasuwa zai juya takardar sefa ya ce, "Alhaji, ina shakkar kuɗin nan," wato bai aminta da ingancinta ba. Idan kuwa aka ce "wane ba ya shakkar kowa," to tsoro ko jin kwarjini ake nufi. "Ba shakka" kuma gaskatawa ce.

A fiƙihun Malikiyya, wanda akasarin Musulmin arewacin Kamaru ke bi, kalmar na ɗauke da hukunci. Risala ta Ibn Abi Zaid, wanda ya rasu a shekarar 386 ta Hijira, ta karantar da cewa wanda ya rasa ko raka'a uku ya yi ko huɗu zai ɗauka uku ne, ya ƙaro ɗaya, ya yi sujadar ba'adi. Wanda ya tabbata ya yi alwala, sannan ya yi shakkar ko ta karye, zai sake ta, sai dai mai fama da waswasi, shi ba zai kula ba.

Akwai kuma ranar shakka, wato 30 ga Sha'aban idan gajimare ya rufe sama ba a ga wata ba. Ba a azumtar ta da niyyar ko Ramadan ne. An so mutum ya ɗan kame baki har labari ya tabbata. In ya bayyana Ramadan ne, sai ya kame sauran yinin, ya rama bayan salla.