Daga Kurmawa zuwa Janguza: Yadda ɗauri ya rabu hannu uku a Kano

Kafin Turawa su ci Kano a 1903, kamu da shari'a da ɗauri duk a hannun Sarki suke. Dogarai su kamo, alƙali ya yanke, a kai mutum gidan yari. Gwamna Lugga ya shiga kurkukun birnin bayan an ci garin, ya rubuta cewa ɗakuna biyu ne matsattsu, kowanne ƙafa 17 a tsawo, 7 a faɗi, ana cusa mutum 135 a ciki da dare. Turawa sun yi ta yayata wannan don halatta mamayarsu, amma ba su ƙwace ɗauri daga hannun sarauta ba. A 1910 aka gina gidan yarin Kurmawa dab da gidan Sarki, En'e ta ci gaba da riƙe shi tare da 'yan doka da kotunan alƙalai. A shekarun 1950 'yan NEPU sun ɗanɗana kuɗarsu a wannan tsari, Hajiya Gambo Sawaba na cikin waɗanda aka ɗaure a Kano.

Gwamnatin soja ce ta warware wannan dunƙule. A 1968 gidajen yarin En'e suka koma hannun tarayya, aka fara narkar da 'yan doka cikin 'yan sandan Nijeriya, kotunan alƙalai suka zama na jiha. Gyara ne da aka daɗe ana bukata, domin bai dace mai kama ka ya zama shi ne mai yi maka shari'a kuma mai tsare ka ba. Sai dai an raba aikin gida uku ba a ɗaura igiyar da za ta haɗa su ba, kuma talaka ne ya faɗa tsakani.

Ba inda wannan ya fi fitowa kamar unguwannin masana'antu. Bompai, sannan Sharaɗa da Challawa, sun janyo dubban leburori zuwa masaƙu da majemu da kamfanonin roba, da yawansu daga ƙauye, ba dangi a kusa. Idan aka zargi irin wannan ma'aikaci da ɗauke kayan kamfani, caji ofis zai fara kwana. In maganar ta yi girma a wuce da shi hedikwatar 'yan sanda ta Bompai, daga nan kotun majistare, daga nan Kurmawa ko Goron Dutse. In laifin ya fi ƙarfin majistare, kamar fashi da makami, sai a ce a ajiye shi har shawarar Ma'aikatar Shari'a ta fito. A nan ne watanni ke zama shekaru. Kusan kashi biyu cikin uku na mutanen da ke tsare a Nijeriya masu jiran shari'a ne, ba a same su da laifi ba tukuna.

Iyalai kan tare a ƙofar gidan yari suna roƙon gandurobobi, alhali ganduroba ba ya sakin kowa sai da takardar kotu. Abin da ya kamata uwa ko mata ta riƙe shi ne sunan kotun, lambar ƙarar da ranar zama na gaba. Sashe na 35 na tsarin mulkin 1999 ya ce a kai wanda aka kama kotu cikin kwana ɗaya ko biyu, kuma belin 'yan sanda kyauta ne a doka. Wanda ba shi da kuɗin lauya, akwai hukumar ba da lauya kyauta da aka kafa tun 1976. Wasu kuma ba abin da ya riƙe su sai tarar da suka kasa biya.

Dokar 2019 ta mayar da sunan gidan yari zuwa gidan gyaran hali, ta kuma buɗe ƙofar hukuncin da ba ɗauri, kamar aikin al'umma. Gyaran tsarin mulki na 2023 ya ba jihohi damar kafa nasu gidajen, a shekarar kuma aka buɗe na Janguza mai cin mutum 3,000 a hanyar Gwarzo. A 2025 gwamnatin Kano ta bayyana niyyar kwashe fursunonin Kurmawa zuwa can, a mayar da tsohon ginin gidan tarihi. Cunkoso zai ragu, amma Janguza bayan gari take. Kuɗin motar ziyara zai ƙaru a kan iyalin lebura, kuma duk ranar da motar kai fursunoni kotu ba ta fito ba, ɗage zaman za a yi.