Kalmomin Neman Kuɗi na Ingilishi a Hausar Kpakungu, Minna: Waiwaye a Kan Tarihinsu

Wannan maƙala za ta dubi wasu kalmomin neman kuɗi da Hausa ta aro daga Ingilishi, kamar yadda ake jin su a Kpakungu, unguwar da ke bakin hanyar Bida a Minna, inda Banufe da Bagwari da Bahaushe ke ciniki da Hausa. Abin lura shi ne kowane rukuni na kalmomin yana ɗauke da tambarin zamanin da ya shigo.

Rukunin farko ya biyo hanyar jirgin ƙasa ta Baro zuwa Kano, wadda ta ratsa Minna, aka kammala ta a 1911. Zamanin aikin Bature ne ya ba mu lebura da kwangila da fansho. Waɗannan sunayen aiki ne da ladansa, ba su ɓoye komai.

Bayan rahoton hukumar Udoji na 1974 ma'aikata suka karɓi ƙarin albashi haɗe da ariyas, har sunan mutumin ya koma sunan duk wata garaɓasa. Da Minna ta zama babban birnin Jihar Neja a 1976, ofisoshi suka yawaita, kamasho ya ƙara kauri a bakin mutane. Hausa fa tana da la'ada tun zamanin fatake, amma la'adar dillali sananniya ce, a gaban mai saye da mai sayarwa ake yanke ta. Kamasho kuwa yakan haɗa har da abin da ba a son a ambata.

Matsin da ya biyo shirin gyaran tattalin arziki na 1986 ya yaɗa fo-wan-nain. Lambar ta fito ne daga sashe na 419 na kundin laifuffuka da ake aiki da shi a Kudu. Arewa tana da nata kundin, kuma zamba a cikinsa wata lamba ce daban. Ke nan ta bakin 'yan kasuwa da jaridu kalmar ta iso, ba ta kotu ba.

A ganina, hoslin da matasa ke faɗa ta fi duka ban sha'awa. Wanda ya ce yana ƙwadago ya faɗi irin aikinsa, wanda ya ce yana neman halaliya ya ɗaure kansa da shari'a. Hoslin ba ta ɗaure kowa: ɗan acaɓa da mai sayar da katin waya da ɗan damfara duk suna shiga inuwarta. Shi ya sa dattijo, idan yaro ya amsa masa da ita, yakan sake tambaya: "Wace sana'a ke nan?"